Gurbin Jami'a a Najeriya: Hukuncin da Ake Yankewa Tun Kafin Ranar JAMB

A yawancin gidajenmu ba a fara maganar shiga jami'a sai hukumar JAMB, mai shirya jarabawar shiga manyan makarantu, ta buɗe sayar da fom, wato a farkon shekarar da yaro zai kammala sakandare. A lokacin ne uba zai shiga neman kuɗin rajista, a sa yaro a darasin yamma na wata biyu ko uku, a sayo masa littafin tsofaffin tambayoyi, sannan kowa ya koma jiran sakamako. Idan gurbi bai samu ba sai a ce rashin hanya ne, ko kuma ba a san kowa a jami'ar ba. Babu mai musun cewa alfarma tana aiki a wasu wurare, amma wanda ya bi tsarin ɗaukar ɗalibai a Najeriya daki-daki zai ga cewa da yawa daga cikin waɗanda ake bari a baya an riga an gama da maganarsu shekara uku ko huɗu kafin ranar jarabawar, ta hanyar wasu ƙananan shawarwari da aka yanke ba tare da an san nauyinsu ba.

Ƙofofi uku ɗalibi yake bi kafin ya kai ga ajin farko na jami'a, kuma kowace ɗaya tana iya tsayar da shi ko da ya haye sauran biyun. Ta farko ita ce sakamakon kammala sakandare, wanda ake samu daga WAEC da aka kafa a 1952, ko NECO mai hedikwata a Minna wadda ta yi jarabawarta ta farko a 2000, ko NABTEB ta makarantun koyon sana'a da kasuwanci, ko NBAIS ta makarantun Larabci da ilimin addinin Musulunci. Ta biyu ita ce jarabawar UTME da hukumar JAMB take shiryawa. An kafa hukumar a 1978, kuma tun 2010 aka haɗe jarabawar jami'a da ta kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi suka zama guda. Ta uku ita ce tantancewar da kowace jami'a take yi wa masu nemanta bayan UTME, wadda aka ɓullo da ita a 2005, ministan ilimi Malam Adamu Adamu ya soke ta a 2016, aka kuma dawo da ita a 2017. Hankalin iyaye da ɗalibai kusan gaba ɗaya yana kan ƙofa ta biyu, alhali ta farko ce take ɗaukar shekaru ana gina ta, kuma ita ce ta fi wuyar gyara idan ta lalace.

Shawara mafi nauyi a rayuwar karatun ɗalibi ana yanke ta ne a ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, lokacin da yake da shekara goma sha huɗu ko sha biyar, sa'ad da za a raba yara zuwa ajin kimiyya, ajin adabi da zamantakewa, ko ajin kasuwanci. A makarantu da yawa ana yin wannan rabo ne cikin rana ɗaya: a duba makin Lissafi, waɗanda suka yi fice a tura su kimiyya, sauran a tura su inda ya rage. Wani lokaci kuma uba ne zai zo ya ce ɗansa likita zai zama, a sa shi a ajin kimiyya ko da yaron ba ya iya warware lissafin aji biyu. Abin da ba a faɗa wa yaron shi ne, daga wannan rana an rufe masa wasu kwasa-kwasai an buɗe masa wasu, domin kowane kwas a jami'a yana da darussan da ya gindaya, a sakamakon sakandare da kuma a jarabawar UTME. Mai son karatun likita sai ya zauna Turanci da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji. Mai son injiniya sai Turanci da Lissafi da Fiziks da Kimistiri. Mai son karatun lauya, a yawancin jami'o'i, ba zai tsallake ba sai da kiredit a Adabin Turanci, kuma a nan ne ɗaliban Arewa da yawa suke tuntuɓe, saboda makarantu da dama ba su da malamin wannan darasi, wasu ma ba sa yi wa ɗalibansu rajistarsa. Yaro zai kammala da sakamako mai kyau a darasin Gwamnati da Ilimin Addinin Musulunci da Hausa, ya ci maki mai yawa a UTME, sai a ranar tantancewa ya ji cewa darasi ɗaya da bai taɓa zama a ajinsa ba shi ne ya hana shi.

Duk waɗannan sharuɗɗa a rubuce suke cikin kundin da JAMB take wallafawa a shafinta na intanet, kwas bayan kwas, jami'a bayan jami'a, har da keɓantattun sharuɗɗan da wata jami'a ta ƙara ko ta sassauta. Kundin kyauta ne, amma yawancin ɗalibai ba sa ganinsa sai a cibiyar rajista, idan ma sun gan shi ke nan, domin sau da yawa mai buga kwamfutar ne yake zaɓa musu darussa bisa abin da ya saba cikewa. A ganina lokacin da ya dace a buɗe wannan kundi shi ne hutun da ke tsakanin ƙaramar sakandare da babba. Ba lallai ne yaro ya tsayar da kwas guda a wannan shekaru ba, kuma ba adalci ba ne a tilasta masa, amma ya kamata a zauna da shi a fitar da kwas uku ko huɗu da yake sha'awa, a duba darussan da suka haɗa su, a tabbatar makarantar da zai shiga tana koyar da su da gaske. A Kano, alal misali, a daidai wannan mataki ne ake zana jarabawar shiga kwalejojin kimiyya irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka kafa a 1977 kuma suka yaye ɗimbin likitoci da injiniyoyin da ake ji da su a yau. Wanda bai san da jarabawar ba sai ta wuce, ba ta dawowa dominsa.

Daga nan sai maganar kiredit biyar. Ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce ɗalibi ya samu kiredit a darussa biyar da suka dace da kwas ɗinsa, ciki har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Kiredit yana farawa daga C6 ya hau zuwa A1. D7 da E8 wucewa ce kawai, ba sa shiga lissafi. A watan Oktoban 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar da cire sharaɗin kiredit a Lissafi ga masu neman kwasa-kwasan adabi, amma ɗalibin da ya ɗauki wannan a matsayin izinin watsar da Lissafi ya cuci kansa, domin har yanzu zai zauna jarabawar darasin, kuma duk ranar da ya so karkata zuwa tattalin arziki ko akanta ko wani fannin zamantakewa zai tarar da sharaɗin yana nan. Abu biyu ne kuma ba a cika bayyana wa ɗalibai ba. Na farko, kwasa-kwasan da ake rububinsu kamar likita, jami'o'i da yawa suna neman kiredit ɗin biyar a zama ɗaya, saboda haka haɗa WAEC da NECO ba zai yi amfani a can ba. Na biyu, ba samun kiredit kaɗai ake dubawa ba, har da darajarsa. Jami'ar Legas, misali, tana ba UTME kashi 50, jarabawar tantancewarta kashi 30, sakamakon sakandare kuma kashi 20, inda A1 yake da makinsa, C6 yake da nasa. A irin wannan tsari ɗalibai biyu za su ci maki ɗaya a UTME, amma wanda ya tara A da B ya wuce wanda ya tara C6 biyar.

Wannan sakamako ba a aji na ƙarshe ake samar da shi ba. Makarantu suna tura wa hukumomin jarabawa makin gwajin da ɗalibi ya yi tun daga ajin farko na babbar sakandare, kuma yana shiga cikin sakamakon ƙarshe. Ban da haka, wanda ya duba kalandar shekara zai ga cewa aji na ƙarshe guntu ne ƙwarai. Ana rajistar UTME a watannin farko na shekara, a zana ta wajen Afrilu, WAEC ta biyo baya a Mayu da Yuni, NECO kuma a Yuni da Yuli. Ke nan ɗalibi yana zama jarabawar JAMB ne kafin ya kammala makaranta, kuma tambayoyin sun shafi manhajar shekara uku cif. Zangon farko ne kaɗai cikakke a wannan aji. Na biyu yana tafiya a rajista da gwaji da bita, na uku kuwa jarabawa ce zalla. Duk abin da ba a koya ba a aji na farko da na biyu, da wuya a same shi daga baya. A jihohi irin su Kano akwai kuma jarabawar kwalifayin da ake yi a aji na biyu, wadda da ita gwamnati take zaɓar waɗanda za ta biya wa kuɗin jarabawar ƙarshe, don haka ga ɗan talaka aji na biyu shi ne yake yanke ko zai zauna jarabawar ma ko ba zai zauna ba.

Idan aka zo kan UTME kanta, adadin da hukumar ta fitar a 2025 ya isa abin dubawa: daga cikin ɗalibai sama da miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A wannan shekarar an samu matsalar na'ura da ta shafi wasu cibiyoyi a Legas da Kudu maso Gabas, har shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya ba da haƙuri aka sake wa waɗanda abin ya shafa jarabawa, amma ko a shekarun baya mafi yawan ɗalibai ƙasa da 200 suke tsayawa. Tsarin jarabawar yana bayyana wani ɓangare na dalilin. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, wanda yake nufin kowace tambaya tana da daƙiƙa 40 idan aka raba daidai. Ɗalibin da yake karanta Turanci a hankali, yana juya jimla zuwa Hausa a zuciyarsa kafin ya gane ta, lokaci zai ƙare masa ko da ya san amsar. Kuma matsalar ba ta tsaya a takardar Turanci ba, tunda tambayar Bayoloji da ta Gwamnati duk da Turanci suke zuwa.

A nan ne nake ganin babban giɓin da ke tsakanin ɗalibanmu da takwarorinsu na wasu sassan ƙasar, kuma shi ne abin da darasin yamma na wata uku ba ya iya cikewa. Ana iya haddace dokokin Fiziks cikin 'yan makonni, amma saurin karatu da fahimtar abin da aka karanta yana samuwa ne ta hanyar karanta abu mai yawa tsawon shekaru: jarida, labari, kowane rubutu mai tsawo da yaro zai zauna da shi har ƙarshe. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya saba karanta shafi goma a rana tun daga ƙaramar sakandare ya riga ya yi rabin shirin JAMB ba tare da ya sani ba, kuma wannan bai rage masa komai ba a Hausarsa ko a karatunsa na allo da Islamiyya. Hasali ma wanda ya saba zama da littafi a harshe ɗaya ya fi saurin sabawa da shi a wani. Littafin tsofaffin tambayoyi yana da amfani wajen sanin salon tambaya da auna lokaci, amma amfaninsa yana zuwa ne bayan an karanta manhaja, ba a madadinta ba.

Kwamfuta kuwa ba ta kai yadda ake tsoronta ba. An fara yin UTME da ita a 2013, ta zama dole ga kowa a 2015, kuma maɓallai kaɗan ake buƙata a amsa tambaya, a matsa gaba, a koma baya, a miƙa aiki. Zama biyu ko uku a gaban na'ura, tare da jarabawar gwaji da hukumar take shiryawa kafin ta ainihi, sun isa su kawar da fargabar.

Akwai wani ɓangare da ba shi da alaƙa da ƙoƙari ko kaɗan, amma yana kayar da ɗalibai masu hazaƙa a kowace shekara, wato takardu. Tun 2021 ba a yin rajistar UTME sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma sunan da ke kan wannan lamba da ranar haihuwar da ke cikinta su ne suke shiga rajistar JAMB kai tsaye. A al'adarmu suna yana da sassauci: yaro Muhammad ne a takardar haihuwa, Mohammed a rajistar makaranta, a wani wuri an sa sunan uba, a wani an sa na kaka ko na gari, ranar haihuwa kuma a rubuta 1 ga Janairu saboda babu wanda ya tuna. Na'ura ba ta san wannan sassauci ba. Idan sunan da ke sakamakon WAEC ya saɓa da na JAMB, gyaran yana cin kuɗi da watanni, wani lokaci har gurbi ya suɓuce, wani lokaci kuma matsalar ta kwanta sai lokacin tafiya hidimar ƙasa ta tashi. Hanya mafi sauƙi ita ce a tsayar da suna ɗaya da rubutu ɗaya da ranar haihuwa ɗaya tun a ajin farko na babbar sakandare, a yi NIN da su, a tabbatar makaranta ta yi amfani da su a rajistar jarabawa, a kuma nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma da wuri. Layin wayar da aka yi rajista da shi ma ya zama na ɗalibin ne ko na gidansu, ba na wani mai shagon kwamfuta ba. Maganar shekaru ita ma ta shigo nan. A 2024 ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya nemi mayar da mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a 18, wanda ya gaje shi, Dakta Tunji Alausa, ya tsayar da shi a 16. Iyayen da suke tsallakar da yara aji don a gama da wuri suna iya tarar da yaro ya ci jarabawa amma dole ya zauna a gida ya jira shekarunsa su cika.

Zaɓen jami'a shi ne inda son zuciya ya fi shiga. Makin da ake sanarwa bayan taron shekara-shekara na JAMB da shugabannin makarantu, wanda aka tsayar a 150 ga jami'o'i a 2025, mafi ƙaranci ne da ba a yarda a sauka ƙasa da shi ba. Ba shi ne makin samun gurbi ba. Kowace jami'a tana da nata, kowane sashe kuma yana da nasa, kuma yawan masu nema ne yake ɗaga shi. Sashen likita ba zai ɗauki fiye da adadin da hukumar kula da likitoci ta amince masa ba, haka sashen shari'a yana da iyakar da majalisar ilimin lauyoyi ta sa masa, ko da masu nema sun kai dubbai. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, waɗanda suka haɗa da yawancin jihohin Arewa da wasu na Kudu kamar Ebonyi da Bayelsa. Mutane suna jin wannan sai su ɗauka ɗan Arewa yana da tabbacin gurbi a gida. Lissafin bai nuna haka ba, domin ɗan Kano da ya nemi likita a Jami'ar Bayero yana gogayya ne da dubban 'yan yankinsa a cikin kason yankin, kuma a cikin kowane kaso mai maki mafi yawa ake fara ɗauka. Sau da yawa makin da bai kai ga Jami'ar Ahmadu Bello ko Bayero ba zai wadatar a jami'o'in tarayya da aka kafa a 2011 irin su ta Dutse da ta Dutsin-Ma da ta Kashere, ko a jami'ar jiha. Manyan jami'o'i kuma ba su cika waiwayar wanda ya sa su a zaɓi na biyu ba. Ɗalibin da ya san matsayinsa na gaskiya tun daga sakamakon aji na biyu zai yi zaɓin da ya dace da shi, maimakon ya shekara uku yana maimaita JAMB a kan kwas ɗaya.

Dole a taɓo cibiyoyin satar amsa, inda ake kai yara a aji na ƙarshe don a samo musu A da B da kuɗi. Ban da haɗarin a riƙe sakamakon cibiyar baki ɗaya, takardar da aka samu ta wannan hanya tana tona kanta da kanta: ɗalibi mai A1 a Kimistiri ya ci 160 a UTME, ko ya shiga jami'a a kore shi a ƙarshen shekarar farko saboda makinsa ya gaza. Iyayen da suka biya kuɗin sun sayi shekara ɗaya ne, sun yi asarar uku.

Ko bayan an ci jarabawa akwai sauran aiki. Tun 2017 duk wani gurbi na halal yana bi ne ta manhajar CAPS ta hukumar JAMB, inda jami'a take gabatar da suna, hukumar ta amince, ɗalibi kuma ya shiga da kansa ya karɓa ko ya ƙi. Wanda ya yi rajista yana jiran sakamakon WAEC ko NECO, wajibi ne ya koma cibiyar da aka amince da ita a ɗora masa sakamakon bayan ya fito, in ba haka ba tsarin zai ɗauke shi a matsayin wanda ba shi da kiredit, a tsallake shi zuwa na bayansa. Gurbin da wani ya samar ta bayan fage ba tare da ya bi ta CAPS ba kuwa hukumar ba ta san da shi ba, kuma mai shi zai gane haka ranar da aka nemi sunansa a jerin masu tafiya hidimar ƙasa.

Wanda bai samu shiga ta UTME ba yana da wasu hanyoyi da ba su da wani aibu. Akwai shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da shi, akwai JUPEB, su biyun karatun share fage ne bayan sakandare, akwai takardar NCE daga kwalejin ilimi da difloma daga kwalejin kimiyya da fasaha, kuma duk suna iya kai ɗalibi aji biyu na jami'a ta hanyar shiga kai tsaye. Akwai kuma makarantun share fage irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa. Sai dai masu bin waɗannan hanyoyi ma sai sun sayi fom ɗin JAMB na shiga kai tsaye, sunansu ya bi ta CAPS kamar na kowa, kuma jami'a za ta nemi kiredit biyar ɗin nan a darussan da suka dace da kwas ɗin kafin ta dubi makin IJMB ko darajar diflomar.